Sawun kyanwa a jikin bulo

Asabar. Masu buga bulo sun zo da sassafe, kafin hantsi sun jera ɗanye a bayan gida. Sai ga kyanwar Inna a guje, ta bi ta kai, ta bar sawunta. Maigida ya yi ta faɗa. Ni kuwa tsayawa na yi ina kallo, don ya tuno min da wani tubali da na karanta labarinsa muna jami'a.

A Chanhu-daro aka tono shi, wani kufai na mutanen kogin Indus a Pakistan ta yau. An shanya shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kyanwa ta taka, kare na biye da ita ya ɗora nasa sawun a kan nata, ya bushe da su haka.

Muna tsintar shinkafa na ba Auta labarin. Na faɗa mata wani babban birninsu, Mohenjo-daro, yana da rijiyoyi wajen 700, gidaje da makewayi, kwatoci a rufe da tubali suna bin gefen titi. Yaransu na wasa da amalanken yumɓu da usur mai siffar tsuntsu. Da ta ji usur sai ta ajiye faifai.

"Umma, ya sunan mai tubalin?"

Na ce babu wanda ya sani.

"To sarkinsu fa?"

Shi ma haka. Sun bar rubutu a jikin ƙananan hatimai na dutse, alamomi kusan 400, yawanci biyar-biyar a jere, amma har yau ba a samu mai karanta shi ba. Ko sunan birnin, mutanen baya ne suka laƙaba masa.

Ta yi shiru, can ta ce, "Ke nan ba wanda zai tuna da su?" Ta tashi ta tafi wasanta, ta bar ni da maganar.

Tun la'asar abin ke cin raina. Mun san sun ci alkama da sha'ir da riɗi, sun saƙa auduga, mun san awon tubalinsu, tsawo ninki biyu na faɗi. Amma yadda uwa ke kiran ɗanta ya shigo cin abinci, wannan ya tafi. Gari guda, da masu ginin rijiya da masu huda duwatsun wuya, ko mutum ɗaya ba a san sunansa ba. Wallahi har ƙwalla na ji.

Yaya ba ta kira ba har yanzu. Mai garuwa ya ƙara kuɗi. Gobe guga da kitson Auta.