Zakaran Sakratis

Laraba, da dare.

Da ƙarfe goma na shiga ajin 'yan shekarar farko, darasin asalin falsafa. Abin da ke cikin manhaja sananne ne: wai Girkawa suna ta fama da tatsuniyoyin gumaka, sai Talis na garin Militus ya zo a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya ce ruwa ne asalin komai, daga nan hankali ya karɓi ragama. Na faɗa musu hakan tunda shi za a tambaya a jarrabawa, amma raina bai bar ni na tsaya nan ba.

Sai na ɗauko Sakratis, wanda ake kafa hujja da shi kullum. Abin da ya jefa shi titunan Atina yana tsare mutane da tambaya ba wata hujjar hankali ba ce. Wani abokinsa ne ya je wurin bautar Afolo a Delfi ya tambayi matar da ke duba a can ko akwai wanda ya fi Sakratis hikima, ta ce babu. Da aka gurfanar da shi a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, da bakinsa ya gaya wa alƙalai cewa tun yana yaro yake jin wata murya, ba ta taɓa cewa ya yi ba, sai dai ta hana shi. Kuma bayan ya sha gubar da aka yanke masa, maganarsa ta ƙarshe tunatarwa ce ga abokinsa Kirito cewa Askilifiyus, gunkin waraka, yana bin su bashin zakara, kada a manta a biya.

Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe shi ma ɗan bori ne?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa tambayarta ta fi duk abin da na rubuta a allo daɗi. Na ƙara musu da Fitagoras na lissafin sakandare, wanda ya tara almajirai a Kuroton, kudancin Italiya, ya hana su cin wake, yana koyar da cewa rai na ƙaura daga jiki zuwa jiki.

Bayan azahar muka kwashe ta da wani abokin aiki a ofis. Shi a ganinsa duk wannan camfin zamaninsu ne, ƙura ce da aka kaɗe tuntuni. Ban yarda ba. Farmanidis, wanda ake cewa shi ya fara jera hujja bisa hujja, cikin waƙa ya zuba ta, ya sa ta a bakin wata allahiya da aka kai shi gabanta a keken doki. Aflatun ya rubuta cewa haukan da ya zo daga alloli ya fi natsuwar ɗan Adam daraja, har ya kasa shi huɗu: na masu duba, na tsarkakewa, na mawaƙa da na masoya. Ka cire wannan, me ya rage na Aflatun?

Ya ce to ai Dekart, Bafaranshen nan da ake kira uban falsafar zamani, ya share duka. Na ce Malam, wane Dekart? Wanda a daren 10 ga Nuwamba 1619, yana Jamus, ya yi mafarkai uku ya ɗauke su a matsayin kira daga sama zuwa ga aikin rayuwarsa? Ya yi murmushi ya ce in kawo masa shafin. Gobe zan kai masa, har ofis.