Akwatin da ke gwada ko tattabara ta san adadi

Aikinmu ƙera akwatunan gwaji ne ga masu binciken halayyar tsuntsaye, kuma odar da ta fi cin tunani ita ce ta masu son sanin ko tattabara tana rarrabe yawan abu. Tsarin akwatin tsoho ne tun zamanin B.F. Skinner, masanin halayya ɗan Amurka: allo a gaba, ƙaramar taga a ƙasansa, da mazubin tsaba da ke ɗagowa na kamar daƙiƙa 3 idan ta caki amsar daidai. Ana riƙe ta a kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na nauyin da take kaiwa in an bar ta ta ci ta ƙoshi, don ta zo da son abinci.

Gwanintar tana wajen toshe mata hanyar ratse. A nuna mata ɗigo 2 da ɗigo 6 masu girma ɗaya, sai kawai ta koyi cakar inda baƙi ya fi cika, ba ruwanta da adadi. Shi ya sa manhajarmu ke sauya girman ɗigo, tazararsu da launinsu a kowane zagaye, har ɗigo 2 manya su fi 6 ƙanana cin fili. Gefen amsa ma ana jujjuya shi, domin in dama ta yi ta biya a jere, a dama za ta liƙe.

Idan an kiyaye wannan, tsuntsuwar tana ba da mamaki. A 2011 masu bincike a Jami'ar Otago da ke New Zealand suka koya wa tattabaru jera hotuna masu abu 1, 2 da 3 daga ƙarami zuwa babba, sannan suka kawo musu adadin da ba su taɓa gani ba har zuwa 9. Suka jera su kamar yadda birai suka yi a irin wannan gwaji a baya. Kuskurensu ma yana da tsari: 2 da 4 da sauƙi, 8 da 9 sai an yi ta tuntuɓe.

Abin da ke ƙona mana rai shi ne masu kwaikwayo da araha. Suna saka gilashi irin na waya, wanda yatsa yake ji, alhali bakin tattabara kamar farce yake, sau da yawa allon ba ya jin sa. Ta caki daidai, tsaba ba ta fito ba, a hankali ta daina, mai bincike ya rubuta cewa ta kasa. Mu firam mai hasken infrared, wato hasken da ido ba ya gani, muke sakawa, wanda ke kama bakin da zarar ya ratsa hasken. Mazubi kuwa sai mun auna saurin ɗagowarsa kafin akwati ya fita, domin in tsaba ta yi jinkiri, tattabara za ta danganta ladan da juyin da ta yi bayan cakar.