Godiya Bayan Dawowarmu da Baba daga Filin Emirates

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, mun sauka Kano lafiya, Baba yana gida yana hutawa, likita kuma ya duba shi ya ce sukarinsa ya daidaita. Ina neman afuwar waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, domin sai yau jikina ya fara dawowa nawa. Kun riga kun san abin da ya faru a daren Asabar ɗin nan, yadda Baba ya ɓace mini a cikin jama'a bayan an tashi wasa a Emirates, filin kulob ɗin Arsenal da ke Landan, saboda haka ba zan maimaita ba.

Mutane da yawa sun tambaye ni dalilin da ya sa na ɗauki tsoho mai ciwon sukari zuwa kallon ƙwallo a tsakiyar sanyin Disamba. Amsar ita ce Baba ya kamu da son Arsenal tun 1999, shekarar da Nwankwo Kanu ya koma kulob ɗin, kuma har yau idan ya fara ba da labarin ƙwallaye ukun da Kanu ya zura wa Chelsea a Stamford Bridge cikin minti 15 na ƙarshen wasa, sai ka ɗauka a gabansa aka yi. Burinsa shi ne Highbury, tsohon filin Arsenal, amma kulob ɗin ya bar can a 2006 kafin Allah Ya hore mini abin kai shi, don haka da tafiyar ganin likita ta kai mu Landan na ƙudura cewa ba za mu dawo ba sai ya taka Emirates.

Kawu, na san ka roƙe ni kada in ambace ka, amma ka yi haƙuri. Ƙanin mahaifiyata ne da ke tuƙa bas a Landan, kuma shi ya yi mana rajistar zama mambobin kulob tun watanni kafin mu taso, domin ba a cika samun tikitin wasan firimiya sai ta wannan hanya. Shi ya kwana yana duba shafin da masu tikitin kakar wasa gaba ɗaya ke mayar da kujerunsu har ya samo mana biyu a jere. Shi ya gargaɗe ni cewa ba a shiga da babbar jaka, ba a karɓar tsabar kuɗi a cikin filin, kuma bayan an tashi ba a shiga jirgin ƙasa daga tashar Holloway Road, don haka jama'a ke tururuwa zuwa tashar Arsenal da Finsbury Park. Har ya ce in rubuta lambar wayata a takarda in sa wa Baba a aljihu, kuma wannan kaɗai ne ban yi ba, saboda na ga tikitinmu duka biyu suna cikin wayata, na ɗauka babu abin da zai raba mu. Laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Abin da ba zai fita daga raina ba shi ne tsayuwar da na yi a gindin mutum-mutumin Thierry Henry, tsohon ɗan wasan Arsenal, inda muka yi da Baba za mu haɗu idan an rabu. Filin yana ɗaukar mutum sama da 60,000, kuma ina kallo suka watse, hayaniya ta ragu, masu sayar da abinci suka fara haɗa kayansu, ni kuwa ina riƙe da ledar maganinsa da dabinon da ya kamata ya ci tun ana tsakiyar wasa. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, don haka duhu ya daɗe da yi. Na tuna Baba ba ya jin Turanci, ba shi da waya, ba shi da ko kwabo a jikinsa, sai na ji ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Akwai wata dattijuwar Baturiya da ban san sunanta ba, ban kuma ga fuskarta ba, amma ita ce silar wannan rubutu. Baba ya ce ta same shi zaune a kan katangar wani gida a titin Gillespie, jikinsa yana rawa, kuma da ta yi masa magana bai gane ba, shi ma bai iya ce mata komai ba sai kalmar masallaci da Larabci, yana ɗaga hannuwa kamar mai kabbara. Ta cire ƙyallen wuyanta mai ja da fari ta naɗa masa, ta ba shi alewa daga jakarta, sannan ta riƙe hannunsa suka bi titin St Thomas a hankali har ƙofar masallacin Finsbury Park. Ba ta tafi ba sai da ta ga an shigar da shi, kuma da aka ce ta karɓi ƙyallenta ta ƙi. Allah Ya saka mata da mafificin alheri, Ya shiryar da zuciyarta, Ya ba ta mai riƙe hannunta ranar da ƙarfi ya ƙare mata.

Ina godiya ga bayin Allah na masallacin da suka ba shi shayi mai zafi, musamman matashin nan ɗan Damagaram da ya ji Baba yana salati da Hausa ya matso, ya ɗauki hotonsa ya tura zauren WhatsApp na Hausawan Landan. Ina godiya ga ma'aikatan filin da 'yan sandan da suka saurare ni da haƙuri alhali maganata ba ta fita daidai. Goggo, ke ma ba zan ɓoye ki ba, domin na ji labarin yadda kika tara mata a tsakar gida aka yi ta addu'a har aka kira da albishir. Allah Ya raya muku zuri'a, Ya tsare ku daga irin wannan tashin hankali, Ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira, Ya jiƙan iyayenku da suka riga mu gidan gaskiya.

'Yan'uwanmu na jini da ke zaune a Ingila, waɗanda na kira a daren wayarsu ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na yi musu uzuri, domin kowa da hidimar da ke gabansa. Saƙon rigunan kulob da suka ce in kai wa yaransu a gida ma na isar.

Ƙyallen yana rataye a ɗakin Baba kusa da darduma, ya hana a wanke shi. Idan akwai wanda ke da hanyar isar da wannan saƙo ga magoya bayan Arsenal na unguwar Islington, inda filin yake, ina roƙonsa ya taimaka, ko Allah zai sa ya kai ga matar nan ta san cewa tsohon da ta raka ya isa gida lafiya.