Binciken da muke yi, wa yake ji?

Mutane da yawa a garin nan na Katsina ɗauka suke aikin malamin jami'a shi ne ya shiga aji awa biyu ya fito ya kama gabanshi. Wallahi lakca ita ce mafi sauƙi a ciki. Ka tambayi duk wanda ke koyarwa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma, akwai makin ɗin jarrabawa, akwai haɗa sakamako, mitin ɗin sashe, yau wannan kwamiti gobe wancan, ga 'yan ajin ƙarshe sun yi layi bakin ofis kowa da furojet ɗinshi, wato binciken kammala digiri, a hannu, sai dare ya yi in akwai wuta ko sola ta riƙe caji sannan mutum ya buɗe kwamfuta ya taɓa nashi binciken. Shi kuwa binciken dole ne, don ba a ƙara maka girma sai ka buga takardu a mujallun ilimi, kusan duka da Turanci.

Ban raina wannan tsari ba, da shi ake tace aiki. Abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya daban ne.

Ɗalibi zai ɗauki takardar tambayoyi ya tafi wurin masu noman rani a dam ɗin Jibia ko Zobe, ko kasuwar Mai'adua, da kuɗin motar da iyayenshi suka haɗa mashi da ƙyar, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Manomi zai ajiye fartanya ya zauna bakin fangali, ƙafa duk taɓo, ya yi ta ba da amsa, taki buhu nawa ka sa, nawa ka sayar da kwandon tumatir, wane magani ka fesa, yaro na rubutawa bisa gwiwa. Wani ma har ya cika mashi leda da albasa. A dawo a yi lissafi, a kare aiki gaban malamai, a yi mashi bango mai kauri da rubutun ruwan zinari, a jera a kantar littattafai. Shi ke nan. Wanda ya ba da lokacinshi ba zai taɓa jin me aka gano ba.

Na raka ɗalibaina wani ƙauye, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, bara ma 'yan'uwanku sun zo sun yi mana irin tambayoyin nan, to me suka gano?" Na ce, "Baba, in sha Allahu wannan karon za ku ji." Kuma da gaske nake.

Ai Katsina ba baƙuwar ilimi ba ce, garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani tun ƙarni na 17, kuma har gobe malamin zaure yana karanta littafi da Larabci ya warware shi da Hausa, tela da mahauci su zauna su ƙaru su tashi. Mu 'yan boko me ya hana mu?

Shi ya sa yanzu duk ɗalibin da nake duba ma aiki, kafin in sa hannu sai ya rubuto mani shafi ɗaya da Hausa, abin da ya gano da abin da yake ba mutanen shawara, ba ƙaƙale, yadda kakarshi za ta gane. Wasu sun fi shan wuya a shafin nan fiye da babi biyar ɗin furojet, kuma a nan nake gane wanda ya fahimci aikinshi da wanda ya kwafo. Daga nan ya koma ya karanta masu a majalisa ko ƙofar gidan mai gari, in hanya ba tsaro ya ɗauki murya ya tura ma shugaban ƙungiyar mutanen da ya yi ma tambayoyi ta WhatsApp.

Wannan ba ya cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma, na sani. Duk da haka zan kai maganar mitin ɗin sashe mai zuwa, ko Allah zai sa sauran malamai su yarda ya zama ƙa'ida ga kowane furojet da aka fita ƙauye aka yi.