Kafin ka yarda a yi wa kwamfutarka fomatin

A wajen yawancin masu gyara a nan Kumasi, daga Adum har Aboabo, maganin kwamfutar da ta ƙi tashi guda ɗaya ne: a share komai, a zuba sabon Windows. Ba na ganin laifinsu sosai, don shi ne aikin da ya fi sauri kuma kuɗinsa sananne ne. Sai dai mai kayan ne ke kwana ciki, domin sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙaramin fayil ne kawai, sauran kayansa na nan lafiya lau.

Na ga haka a kan kwamfutar tebur ta kawuna, mai sayar da goro a Asawase. 'Yar gwanjo ce da aka shigo da ita daga Turai, a ciki yaron shagonsa ke rubuta lissafin bashi. Tana cikin sabunta Windows 10 aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, sai ga shuɗin allo yana cewa kwamfutar na bukatar gyara, da lamba 0xc000014c. An riga an ce masa sai fomatin kafin ya kira ni. Na ce, "Kawu, don Allah kada kowa ya taɓa ta sai na zo." Ya ce, "To ɗana, ni dai sunayen masu riƙe min kuɗi nake so. Ita kanta kwamfutar ko ta mutu, Allah ya ji ƙanta."

Fayil ɗin da ake magana sunansa BCD. Tun daga Windows Vista ya maye gurbin boot.ini na zamanin XP, wanda mutum kan buɗe da Notepad ya gyara da hannu. Shi BCD ba ya buɗuwa haka. Aikinsa ya gaya wa kwamfuta a wane ɓangaren had-disk Windows yake da yadda za a tashe shi. Idan ya lalace, kamar baƙo ne a tsakiyar kasuwar Kejetia: shagon da yake nema na nan cike da kaya, mai nuna masa hanya ne ya ɓace. Lambobin 0xc000000f, 0xc0000034 da 0xc0000098 duk sukan fito a kan wannan matsala.

Abin da na fi so mutum ya kula da shi yana rubuce a kan shuɗin allon, amma ruɗewa kan hana a karanta. Akwai layin da ke nuna mazaunin fayil ɗin. Idan ka ga \Boot\BCD, kwamfutar na tashi ta tsohon tsarin BIOS, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta kafin Windows. Idan ka ga \EFI\Microsoft\Boot\BCD, sabon tsarin ne, wanda ake kira UEFI. Gyaran biyun ba ɗaya ba ne, kuma a nan mutane ke ɓata yini guda. Tarin bidiyon da ke intanet umarnin tsohon tsari suke koyarwa, bootrec /fixmbr da bootrec /fixboot, mutum ya rubuta a kan UEFI, na biyun ya ce masa an hana izini, sai ya yanke ƙauna ya ce disk ya mutu. Ta kawu UEFI ce.

Na haɗa filashin Windows 10 a kan laftof ɗina da Media Creation Tool na Microsoft. Dole filashin ya kai giga 8, kuma ka sani duk abin da ke cikinsa zai goge. Wajen kunna kwamfuta sai ka danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, F12 a kan Dell da Lenovo, F9 a kan HP. Filashin kan fito sau biyu a jerin, ka zaɓi wanda aka rubuta UEFI a gabansa. Da shafin farko na girka Windows ya bayyana, ban je gaba ba, na danna Shift da F10 tare, baƙin allon rubuta umarni ya buɗe.

Kafin gyara, kwashe kaya. Wannan ba na sasantawa a kai. Na rubuta notepad, na shiga wajen buɗe fayil, na sa ya nuna kowane irin fayil, sai ga dukkan foldodin kawu. Daga nan na kwafe takardun lissafin zuwa wani filashi daban, na buɗe su a laftof ɗina na nuna masa. Ya duba, ya ga sunan wani abokin cinikinsa na Tamale da adadin da yake binsa, ya ce, "Shi ke nan, yanzu yi abin da ka ga dama da ita." Wanda disk ɗinsa ke kulle da BitLocker, wato makullin disk na Windows, ba zai ga komai a nan ba sai ya shigar da mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda galibi ana samunsa a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Gara ka nemo naka tun kwamfutar na da lafiya.

Sannan na rubuta diskpart, manhajar sarrafa ɓangarorin disk, sai list vol don ya jero su. Abu biyu nake nema. Na farko harafin da Windows yake, domin a wannan yanayi haruffa kan sauya, abin da ka saba gani C yana iya zama D. Na kawu D ya koma, na tabbatar daga baya da dir D:\Windows. Na biyu wani ɗan ɓangare mai tsarin FAT32, kusan mega 100, marar harafi. A cikinsa BCD yake zaune. Na zaɓe shi da select vol da lambarsa, na ba shi harafi da assign letter=S, na fita da exit. Gargaɗi guda: a cikin diskpart akwai umarnin clean. Ba ya tambayarka ko ka tabbata. Kana danna Enter ya shafe tsarin ɓangarorin disk ɗin gaba ɗaya.

Ban goge tsohon fayil ɗin ba. Na shiga S:\EFI\Microsoft\Boot na sauya masa suna da ren BCD BCD.old, don in abu ya ƙi a sami wurin komawa. Sai umarnin da ya yi aikin duka: bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI. Shi ke ɗauko fayilolin tashi daga cikin Windows ɗin da ke kan disk ya gina sabon BCD. Ya ce ya kammala, na cire filashi, na sake kunnawa. Windows ya ɗan jima yana janye sabuntawar da ta katse, sannan ya buɗe.

A kan tsohon tsarin BIOS kuwa, bootrec /rebuildbcd ne ke yin aikin. Idan ya ce bai sami Windows ko ɗaya ba, kada gabanka ya faɗi. Sau da yawa lalataccen BCD ɗin ne ya tare hanya, ka sauya masa suna ka sake gwadawa.

Ba kowane shuɗin allo ne wannan ke warkarwa ba. Kwamfutocin gwanjo da yawa suna zuwa da batirin CR2032 da ya tsufa a kan madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta. Idan ya mutu, saitin BIOS kan koma na asali, kwamfutar da aka girka a UEFI ta riƙa neman tashi ta wata hanya, alhali BCD lafiyarsa ƙalau. Alamar ita ce kwanan wata ya koma baya da shekaru. Haka kuma idan ka gyara yau, bayan mako guda matsalar ta dawo ba tare da an ɗauke wuta ba, to disk ɗin ne ke ciwo. Ka gwada umarnin binciken disk, chkdsk D: /r, amma bayan ka kwashe kayanka, domin binciken kansa wahala ce ga disk mai rauni.

Na kawu binciken bai nuna wurin da ya lalace ba, don haka wuta ce ta yi ɓarnar. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 mun san kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta kamar laftof. Na sa ya sayi ƙaramin UPS, na'urar ajiye wuta, wanda zai ba yaron 'yan mintunan kashe ta yadda ya kamata, na kuma nuna wa yaron yadda zai kwafe lissafin zuwa filashi kowace Alhamis kafin a rufe shago. Filashin Windows ɗin ma na bar musu a aljihun tebur, na rubuta a jikinsa kada a zuba waƙoƙi a ciki.