Gadon Inna

Yau da safe, ga sanyin Jos yana ratsa ƙashi, aka sa mana maniyyin bijimi a madubin awo. Malam ya nuna mana tsakanin kai da wutsiyar ƙwayar maniyyin, ya ce nan maitokondiriya suke nannaɗe, su ke ba ƙwayar ƙarfin iyo. Wannan mun sani. Sai ya ƙara da cewa a 2000 wasu masu bincike a Chile sun tarar da RNA na maitokondiriya, wato sinadarin da ake kwafowa daga DNA mai ɗauke da bayanan gado, can cikin cibiyar kan maniyyin ɓera, inda DNA na uba ke ƙunshe. Wani daga baya ya ce, "Malam, to me ya kai shi ɗakin da ba nasa ba?" Aka kwashe da dariya.

Ni kuwa hankalina ya tafi wani wuri. Maitokondiriyan uba, in sun shiga ƙwai, rushe su ake yi; na uwa ne ke wucewa ga ɗa, da ƙwayoyin gadonsu 37. Ke nan nawa na Inna ne, nata na kakata Hajiya, Allah ya jiƙanta. Ina fitowa na kira Inna, ta ce, "Lafiya dai?" Na rasa ta inda zan fara, na ce gaisuwa ce kawai.