Sa hannun da ya ci wa yaro shekara guda

Wallahi har yau in na tuna fom ɗin nan sai raina ya ɓaci, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai kaina.

Bayan an janye yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, wanda ya cinye wata takwas cur, aka ɗora min kula da 'yan aji huɗu a sashenmu. Komai a gurguje ake yi, an matse zangon karatu, ga layin ɗalibai har bakin baranda kowa da fom ɗin rijistar kwas a hannu. Ni dai abin da nake dubawa kar mutum ya haura yunit 24 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), in bai haura ba sai in rattaba hannu in ce na gaba.

Akwai wani yaro shiru-shiru, irin waɗanda ko sunansu ba ka riƙewa. Ashe yana da kari-oba, wato kwas ɗin da ya faɗi sai ya maimaita, tun aji biyu, yunit biyu kacal amma kwas ne na dole, kuma a zangon farko kaɗai ake yin sa. Bai sa shi a fom ba, ni kuma ban buɗe tsohon sakamakonsa ba, abin da ko minti uku ba zai ɗauke ni ba. Sai wajen haɗa sakamakon ƙarshe abin ya fito. Abokansa suna shirin bautar ƙasa, shi ya dawo ya sake biyan kuɗin makaranta. Saboda yunit biyu fa!

Da ya zo ofis ko murya bai ɗaga ba, cewa ya yi "Malam ai da na ga kun sa hannu na ɗauka komai ya yi daidai." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. A ranar na san a shagon cajin waya yake kwana yana haɗa kuɗin rijista, shi ya sa tun farko ya faɗi kwas ɗin, lakcar ƙarfe takwas ce.

Eh, shi ma da laifinsa, ya kamata ya san abin da ake bin sa. Amma ni aka ajiye don in gani.

Yanzu ba na taɓa fom sai an baje min sakamako tun daga aji ɗaya, kari-oba a fara rubutawa kafin sabon kwas, kuma duk wanda na ga ya faɗi abu sai na ce zauna, me ya faru. Abokan aiki na ta tsokanata wai layina ya fi na banki. Su yi ta faɗa.